Baƙi a Tsohuwar Jinka

A Jabo kowa ya san Lauratu ba ta sussuka ita kaɗai. Da ta ɗaga taɓarya sai ga 'yan tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah sun sauko tsintar tsaki a gindin turmi, har kan ƙafarta suke takawa, ko kunya babu.

Ranar da za a sauya wa rumbu jinka, hadari ya haɗo daga gabas. Tsohuwar ta ruɓe, ruwa ɗaya ya isa ya lalata geron shekara. Mijinta Ɗangiwa ya tara maƙwabta maza takwas, sabuwar jinka na ƙasa tana jira. Haliru, babba a cikin maƙwabtan, ya ɗaga lauje zai yanke igiya a yaye ciyawar ke nan, sai Lauratu ta ji kuka siriri. Ta leƙa, sai ga sheƙar baiwar Allah kamar dunƙulen hannu, an shimfiɗe ta da gashin zabi, 'ya'ya fuɗu sun wangale baki.

"Tsaya, Haliru! Akwai masu gida ciki."

"Ke Lauratu, duba sama!" in ji Ɗangiwa. "Hatsinmu za mu bari don tsuntsu?"

"Wa ya ce a bari, Malam? Ku ɗauke jinkar ɗungum, kamar yadda kuka aza ta."

Kai, ranar an sha kallo! Jinkar da ake yagewa a zuba wa wuta, ita ce ƙarti takwas suka tallabo a kafaɗa suna tafiyar hawainiya, Lauratu na biye tana ba da umarni.

"Sannu-sannu dai! Haliru, ba buhun gishiri ka ɗauko ba!"

Suka aza ta a kan rumfar awaki, suka ruga suka ɗora sabuwar a kan rumbu. Ana ɗaure igiyar ƙarshe yayyafi ya fara.

Gero ya tsira, amma hankalin Lauratu bai kwanta ba. Iyayen sun tsere kan darbejiya, in suka ƙi sheƙar, wahalar ta zama ta banza. Ta watsa tsaki a gindin rumfar, ta koma gefe. Abin mamaki, ko mutum ɗaya bai tafi gida ba, ruwa na dukansu sun zuba wa rumfar ido.

Can sai namijin, ja wur, ya diro. Ya tsinci ɗaya, ya tsinci biyu, ya karkata kai yana duban jinkar. Firr, ya shige! Macen ta rufa masa baya, kukan 'ya'yan ya cika gidan.

Daɗi ya kashe Lauratu, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Ɗangiwa, riga sharkaf, ya juyo a fusace.

"Ke, rage murya! So kike ki korar min baƙi?"