Fulakon Yero

...kuma har yanzu tsohon bai ambaci sunansa ba. Tun hantsi Jafaru ke zaune a zauren nan na Yakasai, kakin sojan ruwa yana cizon wuyansa, amma Malam Hammadu sai tambayar hanya yake yi. Ya jirgin ƙasa? Ya Ikko? Wai da gaske ne yaƙin ya kai Fatakwal? An binne ɗansa a wata uwa duniya, shi kuwa jirgin ƙasa ne ya dame shi. In ma zancen ya matso kusa, sai ya ce “abokin naka”. Abokin naka... Yero ne sunansa, Baba, Yero — kai ka yanka ragon sunan.

Fulako ke nan, kunyar Fulani. Uba ba ya nuna son ɗansa, ba ya kukan ɗansa, mai jin yunwa ba ya cewa yunwa. Da can abin burge Jafaru yake yi. Yau kuwa ji yake kamar ya ɗauki kwaryar furar da aka miƙo daga cikin gida ya maka ta da bango.

Ruwan nan mai sanyi kamar ƙanƙara... Su biyu rundunar ta tura ƙasar Turawa, wai su koyi nutso da tukunyar iska a baya, su dawo su riƙa kwance nakiyoyi a gindin jiragen ruwa. Wa da wa? Shi, ɗan marinan Ƙofar Mata, wanda iyakar tekunsa kududdufin unguwa. Sai Yero, jikan makiyaya, wanda kakansa ko rafi zai haye sai ya riƙe wutsiyar saniya. Amma sun koya, har Yero ya fi shi, don ba ya gardama da mai koyarwa.

Kwalekwalen inji ya yi ta tafiya da su har tudu ya ɓace. Sai ga wani dutse a tsakiyar teku, zakunan teku sun baje a kansa, ga ƙarni ga haushi. Zaki a ina? Kan kare, gashin bakin kyanwa, jiki kamar salka. A tudu abin tausayi ne, jan ciki suke yi. Amma a ƙasan ruwa — shuɗi ko'ina kamar sabon ramin rini, duwatsu da ciyayin ruwa, kifaye garke-garke — a nan ƙananansu ke zuwa kamar kibiya, su juya, su leƙa gilashin idonka, su ja maka takalmin roba. Yero ya ce maruƙa ne, maruƙan ruwa. Har hannu yake miƙa musu.

“Bismilla, sha fura mana,” in ji tsohon.

Ya sha ludayi ɗaya, ya ƙara, ya sake ƙarawa da gayya. Shi Bakano ne, in yana jin yunwa ci yake yi. Yero fa? Sau nawa ya zo gidansu, a ajiye masa tuwo, ya yi loma guda ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, alhali cikinsa na ƙugi har ana ji? Dariya suke masa. Dariya...

Ɗan maraƙin ne ya ciji tiyon. Wasa yake yi, dabba ce, me ta sani? Jafaru ba ya jin haushinta ko kaɗan. Tiyon iskar Yero ya tsage, kumfa ta turnuƙe, tukunyarsa ta fara zubewa a banza. To, sai me? An koya musu wannan har sun gaji: ka cire bakin tiyonka ka ba ɗan'uwanka, ya ja numfashi biyu ya maido, kai ma ka ja biyu ka miƙa, ku yi sama a hankali, kada ku riga kumfarku, don mai gaggawa huhunsa ne zai fashe. Abu mai sauƙi. Ko a kwanon tuwo haka ake yi.

Ya cire ya ba shi. Yero ya ja ɗaya — ɗaya, shi ma ba cikakke ba — ya maido. Ya sake tura masa, ya nuna yatsu biyu a gaban gilashinsa. Ya ja rabi, ya maido. Na uku kuwa sai ya ture hannun, a hankali, da ladabi, har da sunkuyar da kai. Kunya! A gindin teku, inda babu suruki babu baƙo, daga kifi sai zakunan da ke ta kewaya su suna jiran a ci gaba da wasa. Iska ce, Yero, ba tuwon gidan surukai ba. Wa ya ce maka tawa ce ni kaɗai? Tsoron me kake, kada ta ƙare mini? Ko kada a ce Bafulatani ya yi kwaɗayi?

Da suka fito saman ruwa, Yero ba rai, iskar tukunyar Jafaru kuwa ko rabinta ba a sha ba. Ta ishe su su biyu har da saura. Wannan ne ke cin ransa. Da harsashi ne ya ɗauke shi a bakin daga, kamar 'ya'yan mutane da ake ta kawo labarinsu unguwa-unguwa, da ya san wanda zai tsine wa.

Ya sani mana. Ga shi nan zaune a kan buzu yana jan carbi. Tun daga Ikko Jafaru ke tauna maganar a cikin jirgi, tasha bayan tasha: ba teku ce ta ci shi ba, Baba, ku ne. Ku kuka koya masa cewa roƙo ya fi mutuwa ciwo. Gobe zai koma, daga can sai fadamun bakin daga, wa ya san ko zai sake ganin ganuwar Kano? In bai faɗa yau ba, shi ke nan. Ya gyara zama. Ya buɗe baki —

“Abokin naka...” Tsohon bai ɗago ba. “Bai ba mu kunya ba dai ko? Bai yi raki ba?”

A bayan asabarin ƙofar cikin gida akwai ƙafafu, tun ɗazu suke nan. Na mahaifiyar Yero ne. Ita ma jira take.

Raki. Da ma ya yi. Da ya cakumo tiyon, ya yaƙushe shi, ya shanye iskar duka kamar kowane ɗan'adam mai son ransa, da yanzu shi ne zaune a nan yana ƙin shan fura. Faɗa masa mana. Me kake jira? Faɗa...

“Bai yi ba, Baba. Ko kaɗan.”

“To, madalla,” in ji Malam Hammadu, ya juya fuska wajen bango.

Carbin ya tsaya. Jijiyar wuyan tsohon ta miƙe, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, leɓensa a datse, ba abin da ke shiga, ba abin da ke fita. Jafaru ya san wannan wuyan, haka na Yero ya yi a ƙasan ruwa. Ya san abin da ke biyo baya. Hannunsa ya ɗago da kansa, ya tsaya a tsakaninsu, babu komai a ciki... me zai miƙa masa? In ma ya miƙa, wa zai karɓa?