Muryar Inna da Katin Sauti

A shekarar 1997 Nata'ala ne kaɗai ɗan unguwar Sabo ta Ibadan da ke gyaran kwamfuta a unguwar Mokola. Ya daɗe yana roƙon mahaifiyarsa, Inna Huseina, ta ba shi labarin zuwansu Ibadan da mahaifinsa mai fataucin goro, ya naɗi muryarta. Ba ta son tuna baya, domin 'ya'ya huɗu ta binne a garin nan.

Wata Asabar da hantsi ta ce, "Ɗauko abin naka. Sau ɗaya zan faɗa."

Kwamfutar tana ɗakinsa a kunne tun jiya, yana ta aiki da ita. Ya ja wayar makirufo zuwa tsakar gida, ya danna maɓallin naɗi, ya zauna a gabanta. Awa biyu tana magana. Ta ambaci sunayen yaran, ta yi kuka, ta rera waƙar daka ta kakarta.

Da ya koma ɗaki sai ya tarar da layi ɗaya a allo: ba a sami wuri ba. Fayil ɗin babu komai.

Sai bayan kwana uku ya gano dalili. Katin sautin, wato na'urar da ke karɓar murya daga makirufo, yana zuba sauti kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma iyakarsa megabait goma sha shida na farko, kuma sai wurin ya zama a haɗe. Babbar manhajar da ke raba wuri ta riga ta yayyanka wannan yanki ta ba wasu ayyuka. Sauran ƙwaƙwalwar da ya ƙara da hannunsa tana nan fayau, katin bai isa can ba.

Ya gyara, yadda za a ware wa katin wurinsa tun daga kunnawa. Ya koma wajenta.

"Inna, bai naɗu ba, ki taimaka ki sake."

"Kai ba ka ji ba ne?"

"Na ji."

"To, ya isa."

Bayan babbar salla ta sami shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya karkace, magana ta gagare ta. Ƙanwarsa Raliya, wadda ke jinyarta, ta ce masa, "Yaya, rakodar kaset tana ɗakina ranar. Ko tambaya ba ka yi ba."



Labarin gyaran ya bazu. Masu naɗar waƙoƙi har daga unguwar Bodija suka riƙa kawo masa nasu injinan. Yakan gama cikin minti goma, ya miƙa, ba ya tsayawa a gwada a gabansa, don kada ya ji muryar wani ta naɗu.