Muryar Tamba

Riskuwa ta dangwara wayarta a kan teburin Izzuddeen har shayinsa ya fantsala.

"Saurara," ta ce. "Wagga muryar wa ta?"

A wayar, mahaifinta Tamba ne kwance bisa gora a tsakiyar gulbi, homa, komar kamun kifi, a hannunsa, wani jirgi mai kama da faifai yana saukowa a kansa. Bakinsa na motsi, amma muryar da ke fita ta wani saurayi ce, sumul, da Hausar Kano.

Izzuddeen shi ne mai kamfanin da ya yi Baƙin Sama, finafinai biyar kan wasu halittu da suka zo daga wata duniya. Tamba, masunci daga Argungu, ya fito minti uku a na biyu, ya burge mutane, aka yi masa fim nasa shi kaɗai mai suna Homa. Yana fitowa aka yi masa ca. Wai ina ruwan tsoho mai kamun kifi da jiragen sama, wai ba a jin abin da yake faɗa. Izzuddeen da bakinsa ya ce a rediyo Homa ba ya cikin jerin, tsautsayi ne kawai. Tamba ya ji hirar, bai ƙara zancen fim ba har ya rasu bara waccan.

Yanzu kuma masu sharhin da suka zage shi su ne ke rantsuwa duk cikin finafinan babu kamarsa. Ganin haka Izzuddeen, ba kunya ba tsoron Allah, ya sauke fim ɗin na asali daga shafin kamfani ya ɗora "sabo, gyararre". Riskuwa kuwa a shafin nan take jin mahaifinta duk Juma'a. Ba ta taɓa tunanin ajiye fim ɗin a wayarta ba, kuma ba ta da muryarsa a ko'ina.

"Zauna mana, ƙanwata," in ji Izzuddeen. Haihuwar Nasarawa ne, nan cikin Birnin Kebbi, amma tun da ya fara zuwa Kano harshensa ya yi ƙaura. "Mutanen can ba sa gane Baba. Karrama shi muke yi. Har hotonsa za mu sa a na shida."

"Hoto nai kuka so, baki nai na ba ku so? Ba ni na asali in tahi."

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, a kansa aka ɗora sabuwar muryar. Kwamfutar da ke da ɗayan kuma ta ƙone."

Ta dube shi. "Da rai nai kun ka kunyata shi. Yanzu ya mutu kun toshe mai baki. Allah Shi isam mai."

Ta fito ba sallama. Har tashar motar Argungu zuciyarta na tafarfasa, ta yi faɗa da mai acaba a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A bakin tasha akwai rumfar Hodi, dattijon da ke tura wa mutane finafinai a waya. Tamba ya tsani masu wannan sana'a, ɓarayi yake kiran su. Ta wuce, ta tsaya, ta dawo.

"Malam, kana da Homa?"

"Wane? Na kamfani ko na tsoho?"

"Na tsoho," ta ce. Ya lalubo a kwamfutarsa, ya ƙure lasifika. Hoton dishi-dishi, amma muryar ta cika tashar, a dishe, da tarin nan nasa:

"Kai baƙon ga! In kihi kaz zaka nema, sabko ƙasa mu yi magana awa mutane!"

Direbobi suka waiwayo suna dariya. Riskuwa ta dafe benci, hawaye na zuba. Sai a lokacin Hodi ya lura da kamanninta da Tamba.

"Ke ɗiya tai ta? Yi haƙuri. Sata ta, na sani. In kin ce in goge, yanzu in goge."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta miƙa masa wayarta.

"Goge na kamfanin," ta ce. "Wanga kuwa, duk wanda yam miƙo ma waya, sa mai, ko bai tambaya ba."