Hoton Kan Baba

Auta ta sake danna maɓallan nan biyu, aikin ya tsaya cak. Baƙin allon kwamfutar ya dawo fayau, sai ɗan ɗigon haske yana ƙyaftawa.

"Kin kuma kashe shi?" in ji mai ɗaukar hoto daga bakin ƙofa.

"Maƙalewa ya yi."

Shekaranjiya Baba ya zame a banɗaki, kansa ya bugi bakin famfo. Tun daga nan maganarsa ta karkace, yana kiran Auta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Da safen nan aka tura shi cikin injin hoton asibiti, aka ɗauki hoton kansa lafiya lau, sai manhajar da ke buɗe hotunan ta ƙi tashi. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa baƙo ne, wata-wata yake zuwa asibitin, kuma yau da yamma zai koma. Ya faɗa musu a fili: ba zai taɓa kan mutum bai ga abin da ke ciki ba.

Yaya ne ya ja mata. "Ai ƙanwata injiniya ce," ya ce da ma'aikatan, alhali gyaran shafukan intanet take yi a wani ɗan ofis a saman kantin taya.

Kwamfutar tsohuwa ce. Kamfanin da ya kawo ta ya toshe ramukan filasha da gam, ba intanet, faifai ma karantawa kawai take yi. Abu yana shiga, amma ba ya fita sai ta injin buga fim. Don haka Auta ta zuba manhajar buɗe hoto a faifai daga laftof ɗinta, iri biyu. Ɗaya mai sauri ce, amma ɗanya take zuwa, sai an bi da ita ta kompaila, wato abin da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji. Ɗayar mai nawa ce, zallan rubutu, ba ta buƙatar komai, sai dai layi-layi kwamfutar ke karanta ta tana aikatawa, kamar mai koyon haɗa baƙi.

Mai saurin ta fara gwadawa. Kwamfutar ta ce ba ta da kompaila. Auta ta sa ta biyun, ta zuba ido, ba abin da ya motsa a allon sai fanka da ke gurnani. Zuciyarta ta kasa ɗauka, ta kashe. Ta harhaɗa mai saurin a laftof ɗinta, ta zuba ta a wani faifan, ta kawo. Tsohuwar ta tofar da shi, ƙirarsu ba ɗaya ba ce. Ta koma wa mai nawar. Ta kashe. Haka rana ta karkata.

Yaya ya shigo da gumi har wuya. "Injiniya, direban likita fa ya fara goge gilashin mota."

"Ka daina ce min injiniya."

"To me zan ce? Mai kantin taya? Ke, ba a sayar da kompailan nan ne? In hau babur yanzu in sayo."

"Ba a leda ake sayar da shi ba, Yaya. Ko na kawo shi a faifai, sai da lambar sirrin kamfani zai zauna."

"Kamfanin kuma ya rufe," mai hoto ya ƙara, yana kallon silin.

Mama tana zaune a kujerar roba bayan ƙofa, takalman Baba a cinyarta. Tun safe ta ƙi ajiye su. "Auta," ta ce a hankali, "in ba zai yiwu ba ki faɗa min. Ba laifinki ba ne."

Maganar ta fi zagi ciwo. Auta ta sunkuya, ta shiga buɗe-buɗe a cikin kwamfutar don kawai kada a ga idonta. A nan ta ci karo da wani kundi da ba ita ta yi shi ba. Ragowar gwajinta ne na safe. Mai nawar ashe aikinta take yi shiru, yanki bayan yanki, sai ta kammala take haɗa su su zama hoto. Ta bi jerin da yatsa. Saura ƙiris ta gama a lokacin da Auta ta kashe ta. Da ta tashi ta je ta sha ruwa, da tun kafin tsakar rana fim ɗin yana hannun likita. Guntayen kuma ba sa buɗuwa, ba a ɗorawa a kansu, sai an faro daga farko.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta juya wajen Yaya.

"Yaya, ina ka ajiye babur ɗinka?"

"Gindin bishiya. Me ya faru?"

"Ka kai shi bayan motar likita, ka kulle, ka ɓace."

Yaya ya dube ta, ya dubi mai hoto. Mai hoto ya ce shi bai ji komai ba, kunnensa na hagu dama ba ya aiki. Yaya ya fice yana laluben makulli.

Auta ta rubuta umarnin tada mai nawar daga farko, ta danna. Allon ya yi shiru kamar ɗazu, fankar ta ɗauki gurnani. Ba a jima ba ta ji abin nan ya taso mata daga ciki: to in wannan karon da gaske ya maƙale fa? Ta ga hannunta na hagu ya riga ya kama hanyar maɓallan.

Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, ta zare wayar kibod, ta naɗe ta a jikinsa, ta je ta ɗora shi a cinyar Mama, kan takalman Baba.

"Ko kuka na yi, Mama, kar ki ba ni."

Mama ta rungume shi da hannu biyu. A waje wata mota ta fara danna hon. Auta ta koma kujerarta, ta tura tafukanta ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu.