Bugu Biyu a Cikin Auta

Yaya ce ta fara hango su a allon na'urar, ɗigo biyu suna bugawa, sai ta tafa hannu ta fashe da dariya a ɗakin likita, ko kunya babu. Ƙanwarta Auta tana kwance da riga a naɗe zuwa ƙirji, ƙafafunta ba su ko kusanci ƙarshen gadon ba.

An haifi Auta da abin da likitoci ke kira ciwon Turner, wato ƙwayar halittarta guda ce ba ta cika ba. Shi ya hana ta tsawo, shi ya ƙarar mata da ƙwai da wuri. Ɗan abin da aka samu aka adana tun tana budurwa, shi aka haɗa da maniyyin mijinta a asibiti. Likitar nan ta kafe cewa ɗaya tak za a dasa, saboda babbar jijiyar zuciyar Auta ba ta da ƙwari. Aka dasa, bai kama ba.

To, Yaya mai kiwon kaji ce, kuma irin mutanen nan ne da ba a kulle magana sai sun sa baki. A sana'arta ba a taɓa sa wa kaza ƙwai ɗaya ta kwanta a kai. Ta ja Auta zuwa wani asibitin da ba a cika bin diddigi ba, da aka tambaya ko akwai matsalar zuciya, ta yi caraf ta amsa mata: "Zuciyarta ta fi tawa lafiya." Aka dasa biyu. Da ciki ya kama, sai suka dawo wajen likitar farkon, har da ɗan guntun alfahari.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ajiye abin awon a hankali.

"Wa ya dasa biyu?"

"Ai ga amfaninsa nan kin gani, likita," in ji Yaya.

"Baiwar Allah, zauna." Ta ɗauko hoton zuciyar da aka yi wa Auta da safen, ta nuna da biro. "Jijiyar nan ta ƙara faɗi. Ɗaya ma sai mun tsaya a kanta ba ƙyaftawa. Biyu kuwa, tana iya tsagewa Auta na tsaye a kicin, kafin a kawo ta nan an rasa su ukun. Shawarata a cire ɗaya, kuma ba da jimawa ba."

 Yaya ta laluba kujera ta bayanta, ta zauna a kan jakarta ba ta ma ji ba.  Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa sani ba, ta ga da hannunta ta kai 'yar uwarta bakin rami.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta sauke rigarta, ta juyo.

"Yaya, likita na jira," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni dai na gan su, ba zan iya ba. Ki faɗa mata wanne."