Koren Zare

Sarai ta diro daga babur tun bai gama tsayawa ba, ta nufi rumfar Hajo mai tuwo da ke gab da shingen iyaka, waya a hannu.

"Hajo, duba mani. Tun safe nike dannawa, ya ƙi buɗewa."

Hajo ta goge hannu a zani ta karɓa. Inda shafin Ninkin Alheri yake jiya, da alƙawarinsa na ninka wa mutum kuɗi cikin wata guda, yau babu komai sai fari fat.

"Sun gudu, Maman Glory. Ke ce ta biyar da ta zo nan tun hantsi."

Sarai ta zauna a benci. Bijiman huɗa biyu da mijinta marigayi Irmiya ya bar mata a Bugaje ta sayar ta zuba a ciki, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da me za ta yi huɗa bana? Kuma ba wani baƙo ya kai ta ba, Ɗantala ɗan canji ne, wanda shekara goma take sayen sefa a hannunsa duk lokacin da za ta Maraɗi sarin gyaɗa. Shi ya nuna mata ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke saman shafin, ya ce alamar amana ce.

"Kwaɗo!" Hajo ta yi tsaki. "Ɗiyata ta ce kowa na iya sa shi. Kin ga ofishinsu? Kin ga sunan mutum guda da za a kama? Ni bidiyon tallarsu kaɗai na gani na ce a'a."

Ta buɗo shi a wayarta. Ba a nuna fuska ba, hannuwa ne kawai suna baza ɗaurin sefa a kan darduma, wata murya tana cewa ribar mako ɗaya ce a Abuja. Sau nawa Sarai ta kalli bidiyon nan a baya, amma kuɗin take kallo. Yau ɗaurin ta kalla.

'Yan canjin iyaka duk iri ɗaya suke jera sefa, takarda tara, ta goma a naɗe a kansu, sai a sa roba. Mutum ɗaya ne maƙonsa bai bar shi sayen roba ba. Zare yake warwarowa daga bakin buhun shinkafa, kore, ya ƙulla sau biyu.

Ɗantala ne. Tana hango shi can ƙarƙashin dalbejiya, ya miƙe ƙafa yana sakace. Ihun ɓarawo ɗaya za ta yi, ga 'yan acaɓa, ga masu fetur a galan. Kuma ta so hakan, ta so shi ƙwarai. Amma abin da zai ƙare cikin minti goma ya yi masa arha, kuma gawa ba ta mayar da bijimi.

Ta ce Hajo ta tura mata bidiyon, ta tare babur zuwa cikin gari.

Bayan la'asar ta dawo, masinjan kotun shari'a na biye da ita. Ɗantala ya tashi da fuskar tausayi.

"Maman Glory, sannu. Wallahi ni ma sun cuce ni."

Sarai ta wuce shi. Ta miƙa wayar ga Ya'u, babban 'yan canjin. Ya kalla, ya sake kallo, sannan ya dubi ɗaurin da ke gaban Ɗantala. Wayar ta zaga daga hannu zuwa hannu. Na kusa da Ɗantala ya ja tabarmarsa gefe.

Ɗantala ya karɓi sammacin daga hannun masinjan.

"Zare ne shaida? Ke da kike Kirista, mi ya kai ki gaban alƙali? Ga majistare can."

"Majistare sai lauya, sai a ɗage, har damina ta wuce," in ji Sarai. "Na tambaya. Gaban alƙali, in ka musa, alwala za ka yi, a miƙo maka Alƙur'ani gaban mutanen nan."

Ya koma ya zauna a tabarmarsa, sammacin a hannu.

Ta ɗaure wayar a gefen zani, ta dubi gabas inda hadarin ke ƙara duhu.

"Jibi da ƙarfe tara. Ka zo da wuri, ina da huɗa."