Kwana Talatin da Huɗu

Ta taga ake miƙo takarda a ofishin ajiye bayanai na asibitin, amma tsohon bai tsaya a taga ba. Ya zagayo ta ƙofa, ya yi sallama, ya tsaya tsakanin kantocin da aka jibge fayil-fayil, tef ɗin awo na rataye a wuyansa kamar ya manta da shi.

Malama, ma'aikaciyar ofishin, ta ɗago kai daga kwamfuta ta gane shi. Tela ne. Fiye da wata guda ta riƙa ganinsa zaune a bencin da ke ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, lokacin da matarsa ke kwance. Ta jawo masa kujera, suka gaisa, ta sake yi masa ta'aziyya.

"'Yata, an ce ke kika ƙirga mutanen da hanya ta ci," in ji shi.

"Ni na tattara, Baba."

"To an liƙa takarda a ofishin unguwa. Mararrabarmu ta zo ta shida."

Malama ta san takardar. Wata hukuma ta duniya, wadda ta sa gaba a rage mutuwar kan titi da rabi, ta amince za ta gyara mararraba biyar mafi haɗari a garin. Za a yi tudun rage gudu, a kafa fitilar ba da hannu, a zana wa masu tafiya a ƙasa wurin tsallakawa. Da yawan waɗanda suka mutu cikin shekara biyu aka jera wuraren. Ta biyar tana da mutum biyar. Mararrabar makarantar firamare, inda shagon Tela yake, tana da huɗu.

"Na sa an karanta mini sau biyu," ya ce. "Mai ɗakina ba ta ciki."

Matarsa shara take yi a makarantar. Babu wanda ya ɗora mata aikin tsallakar da yara, amma kullum idan an tashi sai ta jingine tsintsiya, ta tsaya tsakiyar titi da hannu a sama har sai na ƙarshensu ya haye. A nan wata tifa ta same ta.

Malama ta buɗe littafin ƙa'idojin da hukumar ta aiko, ko da yake ta haddace layin.

"Baba, ƙa'idar ta ce wanda ya rasu cikin kwana talatin bayan haɗari shi ake sawa cikin waɗanda hanya ta kashe. Duk ƙasashe haka suke yi, don lissafin ya zo ɗaya. Inna ta yi kwana talatin da huɗu."

"To ina aka sa ta?"

"Cikin waɗanda suka ji mummunan rauni."

Tela ya sunkuyar da kai. Fankar sama tana juyawa tana kaɗa gefen wata takarda.

"Kwana huɗu," ya ce. "An ce mini idan wuri biyu suka yi kunnen doki, wanda ke kusa da makaranta ake ɗauka. Ba don ita nake roƙo ba, ita ta riga ta tafi. Alƙalami yana hannunki. Ki mayar da ranar baya, wa zai sani?"

"Takardar likita tana nan, ta ɗakin gawa ma tana nan. Idan suka kama ƙarya ɗaya, duka lissafin garin za su yi watsi da shi, har da wuraren biyar ɗin."

Gaskiya ta faɗa, amma ta ji nauyin maganar a bakinta.

"Ni na riƙe ta," ya ce a hankali. "Tun sati na uku likita ya kira ni gefe ya ce mu yi haƙuri. Na ce a ci gaba. Kullum ina cewa a ƙara mata kwana ɗaya. Da na sake ta, da yanzu an ƙirga ta."

"Kada ka faɗi haka, Baba. Ba kai ke riƙe da kwanan mutum ba."

Ya share ido da bakin rigarsa, ya miƙe. Har ya kai ƙofa sai ya waiwayo.

"Amma huɗun nan ma ban gane ba. Ni nake ɗinka likkafanin unguwarmu tun kafin a haife ki. Cikin shekara biyun nan, ban da nata, na ɗinka wa wannan titin goma sha ɗaya."

Malama ta ajiye biro.

"Goma sha ɗaya? Huɗu ne suka zo mana."

"Wanda ya cika nan take, me zai zo yi asibiti? Gida ake kai shi, a yi masa sutura, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Wa ke son a riƙe masa gawa ana rubuce-rubuce?"

Washegari akwai taro da baƙuwar da hukumar ta turo, wata doguwar mace mai furfura wadda ma'aikata suka laƙaba wa Mai Taswira, saboda ba ta rabuwa da taswirar garin. Malama ba ta taɓa yin magana a irin wannan taro ba. Da ta ɗaga hannu, shugaban sashenta ya harare ta, amma ta riga ta miƙe. Ta faɗi abin da Tela ya gaya mata.

Mai Taswira ta cire tabarau ta ce wannan matsala ta bi ta ƙasashe da yawa: matattun da ba su taɓa shiga takarda ba. Ba za ta iya taɓa ƙa'idar kwana talatin ba, ba ita ta kafa ta ba. Amma idan aka kawo sunan kowane mamaci, da rana, da wuri, da sa hannun danginsa da shaidu biyu, za ta karɓa. Saura kwana goma a rufe.

"Kin jawo wa kanki aiki," in ji shugaban sashe bayan an watse. "Ba da lokacin ofis ba dai."

Don haka sai bayan an tashi aiki take hawa mota zuwa mararrabar. Tela yakan rufe shago ya shiga gaba, ita tana biye da fom a cikin jaka. Bai rubuta komai ba, amma bai manta kowa ba. Yakan tuna mutum da tsawonsa. Mai gyaran rediyo, dogo, sai da aka ƙara yadi. Wata mai jego da ta fito sayen magani. 'Yan makaranta biyu, wa da ƙane, wata bakwai tsakanin rasuwarsu.

A gidan yaran biyu, uwarsu ta ƙi fitowa. Daga bayan labule ta yi magana.

"Kwanansu ne ya ƙare. Me kuma za a tono mini?"

"Gaskiya ne," in ji Tela, yana tsugune a bakin ƙofa. "Ba za su dawo ba. Amma na ga 'yar autarki ta shiga aji ɗaya bana. Wadda take tsallakar da su kuma ba ta nan."

Malama ta fara mayar da fom cikin jaka. Sai hannu ya fito ta gefen labulen, a buɗe. Ta ɗora masa biro.

Ba ko'ina aka dace ba. Wani dattijo da ɗansa ya rasu a kan babur ya saurare su har ƙarshe, ya ba su ruwa, ya ce shi ya bar wa Allah, ba zai sa hannu a takardar kowa ba. Tela bai ja da shi ba. A hanya Malama ta ce ko su koma gobe, ya girgiza kai.

"Ƙyale shi. Kowa da yadda yake ɗaukar nasa."

Ana saura kwana ɗaya suka miƙa fom shida. Mararrabar makaranta ta tashi daga mutum huɗu zuwa goma, ta koma ta biyu a jerin. Wata mararraba da ke can bayan kasuwa ta faɗo ta shida, kuma Malama ta kwana biyu tana tunanin ko su ma suna da nasu telan.

Bayan wata biyar aka fara aiki. Ranar da rahoton hukumar ya iso, littafi mai kauri da takarda mai sheƙi, ta saka shi a jaka ta tafi shagon. Ta tarar da leburori suna zuba kwalta a tudu na biyu, motoci sun yi layi suna ta hon. Tela yana kan keken ɗinki, ya juya shi yana fuskantar titi.

Ta buɗe masa shafin garinsu, ta nuna masa layin mararrabar da lamba goma. Ya sa tabarau ya duba, ko da yake bai iya karatun boko ba.

"Yaran nan biyu suna ciki?"

"Suna ciki, Baba."

"Ita fa?"

Malama ta matsar da yatsa zuwa gida na gaba, inda aka rubuta ashirin da uku.

"Tana cikin waɗannan. Waɗanda suka ji rauni."

Ya ɗora yatsarsa kusa da tata, ya daɗe bai ɗauke ba. A waje aka buga ƙararrawar tashi, hayaniyar yara ta cika titin, wani lebura ya ajiye shebur ya ɗaga wa motoci hannu.

"To," in ji Tela, "a wurinsu tana nan da rai ke nan."

Ya rufe littafin a hankali ya miƙa mata, ya jawo rigar da yake ɗinkawa ƙarƙashin allura.